Giya da lemun kwalba ba su ne maganin ƙishirwa ba

Ƴan uwa manoma da makiyaya, idan kaka ta yi, kuɗi suka shiga hannu, kwalabe sukan yawaita a kasuwanninmu, daga Maradi har Tawa. Giya dai kowa ya san matsayinta ga addini, ga kuma ɓarnar da take yi wa jiki. Hanta ce ke tace ta; shekara da shekaru hantar takan ƙandare, ciki ya kumbura, idanu su yi ɗorawa. Wanda yake da ƙwayar ciwon hanta, kuma suna da yawa a ƙasarmu, ciwon ya fi saurin kayar da shi. Giya tana kawo hawan jini da ciwon daji, tana kuma lahanta ɗan da ke cikin uwa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ko kaɗan aka sha, akwai haɗari.

Amma abin da ya fi damuna shi ne lemun kwalba, domin shi ba wanda yake jin kunyar shansa. Da shi ake karrama baƙo, da shi ake buɗa baki da azumi, har yaron goye ana ɗura masa. Gwangwani ɗaya na Coca-Cola mai santilita 33 yana ɗauke da sukari wajen giram 35, kusan ƙwaya 7 ke nan. Wa zai zuba ƙwaya 7 a kofi guda ya miƙa wa ɗansa? Hukumar nan ta ba da shawara a 2015 cewa kada babban mutum ya wuce kimanin giram 50 a yini. Ga gwangwani, ga shayin rana, an riga an zarce. Sannu a hankali haƙora su ruɓe, ƙiba ta zo, ciwon sukari ya biyo baya. Shi kuwa in ya kama mutum, buhunan hatsi da yawa za su tafi wajen sayen magani.

Iyaye mata, idan yaro yana zawo kada a ba shi lemun kwalba, yawan sukarinsa yana ƙara zawon. A ci gaba da ba shi nono, a ba shi ruwan gishiri da sukari irin na likita, a kai shi a duba shi.

Mai aiki cikin rana ya sha ruwa mai tsabta da fura. Baƙo kuma a tarbe shi da zoɓo ko kunun tsamiya, sai dai a sassauta hannu wajen zuba sukari.