Daga Darar Ƙasa Zuwa Darar Intanet: Har Yaushe Za Mu Tsaya Kallo?



Yau maganar wasa na kawo mana, amma ba ta wasa ba ce. Ina nufin wasan ces, wanda wasu ke kira darar Turawa, da gasanninsa da ake bugawa a intanet. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da yaranmu za su tashi daga layin 'yan kallo su shiga fili, domin wayar da za su buga da ita tana aljihunsu.

Da farko ma, kiransa darar Turawa akwai gyara. Asalinsa daga Indiya ne, wajen ƙarni na 6, ya bi ta Farisa ya shiga hannun Larabawa, suka kira shi shaɗaranji. A Bagadaza zamanin Abbasiyawa an yi gwanaye irin su As-Suli tun Turawa ba su ƙware da shi ba, kuma Andalus na cikin ƙofofin da ya bi ya shiga Turai. Mu kuma ba baƙin tunani irin wannan ba ne. Kakanninmu da fatauci ya kawo garin Modibbo Adama sun san dara: ramuka 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wannan da tsinke wancan da tsakuwa, ka jera uku ka cinye ɗaya. Wanda ya iya haƙa wa abokinsa tarko a ramuka 30, gidaje 64 ba za su gagare shi ba.

Abin da intanet ta sauya shi ne nisa. A da, in yaro a Adamawa yana son gwada kansa da manya, sai ya nemi kuɗin mota da masauki a Legas ko Abuja. Yanzu akwai gidajen yanar gizo irin su Chess.com da Lichess, wanda wani Bafaranshe ya kafa a 2010 kuma kyauta ne. Ka yi rajista, cikin daƙiƙu a haɗa ka da wani a Masar ko Barazil, ku buga wasan minti uku ko biyar, kwamfuta ta nuna maka inda ka yi kuskure. Nan ne kuma ake bin manyan gasanni kai tsaye, taku bayan taku, kamar yadda duniya ta bi karawar Singafo a Disambar 2024, inda Gukesh ɗan Indiya ya doke Ding Liren na Sin ya zama zakaran duniya yana da shekara 18. Wasan ba ya tambayar yarenka. Ko Hausa kake ji, ko Fulatanci, ko Bacama, tafiyar doki ɗaya ce.

Kada mai karatu ya ce wannan harkar 'ya'yan masu kuɗi ce. Tunde Onakoya ya kafa ƙungiyar Chess in Slums a Legas a 2018, yana koya wa yaran unguwannin talakawa da masu kwana ƙarƙashin gadar Oshodi. A Afrilun 2025 shi da abokinsa Shawn Martinez suka yi awa 64 suna bugawa a birnin New York, suka shiga kundin Guinness. Ga kuma Tanitoluwa Adewumi, wanda iyayensa suka bar Nijeriya a 2017 don tsoron Boko Haram. A 2019, yana da shekara 8, suna zaune a gidan marasa matsuguni, ya lashe gasar sa'o'insa ta jihar New York. To mu da muka karɓi 'yan uwanmu daga Mubi da Michika da Madagali a 2014, yara nawa masu irin wannan ƙwaƙwalwa suka girma a gabanmu ba wanda ya taɓa ajiye musu allo?

Na san za a ce, to ina hukuncinsa? Gaskiya malamai sun yi saɓani. Imam Malik, wanda mazhabarsa muke bi, bai so shi ba, wasu ma sun haramta. Malaman Shafi'iyya kuwa sun sassauta muddin babu caca, babu zagi, kuma bai shagaltar da mutum daga salla ba. Ni ba malami ba ne, kowa ya tambayi malaminsa. Amma mu yi wa kanmu adalci. Saurayin da muke tsoron ces ya shagaltar da shi, yanzu haka yana majalisa yana cacar ƙwallo da wayar nan tasa, yana kwana lissafin Arsenal da Barcelona. Ashe tuni dara ta ci gida.

Matsala ta biyu ita ce wuta da sabis, kuma ba mu kaɗai take cizo ba. A wasan ƙarshe na gasar ƙasashe ta intanet da hukumar FIDE ta shirya a Agustan 2020, layi ya katse wa 'yan wasan Indiya biyu suna tsakiyar karawa da Rasha, har dole aka ba ƙasashen biyu zinare tare. Ɗaya daga cikinsu, Divya Deshmukh, ita ce ta ɗauki kofin duniya na mata a 2025. Wato katsewar layi ba ta hana wanda ya dage, kuma wasan ba na maza kaɗai ba ne.

Ta uku ita ce maguɗi. Tun da kwamfutar Deep Blue ta doke Kasparov a 1997, inji ya yi ta yin gaba, har yau wayar hannu ta fi kowane gwani. Mai son banza sai ya riƙa satar amsa. Ko a sama abin ya tayar da ƙura a 2022, lokacin da Magnus Carlsen ya zargi Hans Niemann. Shi ya sa bai kamata a bar yaro shi kaɗai da waya a ɗaki ba. A haɗa su wuri guda, babba na zaune, su koyi cewa faɗuwa da gaskiya ta fi cin ƙarya.

Shawarata mai sauƙi ce. Dattawan unguwa su ba da zaure ɗaya. A sayi allo biyu ko uku, a nemi ɗaliban Jami'ar Modibbo Adama ko na AUN da suka iya su riƙa zuwa koyarwa. A buɗe ƙungiya a Lichess da sunan Wuro Hausa, a sa gasa duk Asabar bayan la'asar, a tashi kafin magariba, babu ko sisin caca. In ta kankama, mu gayyaci Doubeli da Jambutu, daga nan mu leƙa Garwa da Kano ba tare da mun hau mota ba. A gefe kuma a haƙa ramukan dara, tsofaffi su nuna wa jikoki cewa su ma ba kanwar lasa ba ne.

Mai son ya ba da zaure ko allo, ya yi magana. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa mu dace, amin.