Allurar Da Aka Yar Ba Ta Mutu Ba

Jama'a, yau maganarmu a kan mutanen da ba a ambatonsu ce, watau masu shara da masu wanki da leburorin asibiti. Su ke kwashe auduga mai jini da tsohon bandeji da allurar da aka gama aiki da ita, sau da yawa kuwa hannu ba safa. 'Ya'yan talakawa ne, 'yan'uwanmu ne, kuma albashinsu shi ne mafi ƙanƙanta a gidan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 15 cikin 100 na sharar asibiti mai haɗari ce. In allurar da aka yi wa mai ciwon hanta nau'in B ta soki mutum 100, kamar 30 na iya kamuwa. In mai ƙanjamau ne, kamar 3 cikin 1,000. Cuta kuwa ba ta san babba ba. A 1970, a Jos, Dokta Jeanette Troup ta yanke a yatsa tana binciken gawar wanda zazzaɓin Lassa ya kashe, ta kamu, ta rasu. To, in ƙwararriyar likita ke nan, ina ga leburan da ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya yi masa bayani?

Abin da muke nema wurin Gwamnati da masu asibitocin kuɗi ba mai wuya ba ne. A ba kowane ma'aikaci safar hannu mai kauri da takalmin roba. A ajiye akwatin zuba allura a kowane ɗaki. A yi wa kowa rigakafin ciwon hanta, allura uku, kyauta, tun daga likita har mai shara. A ƙone sharar a wurin da aka gina dominta, kada a zuba ta a jujin unguwa inda yara da 'yan jari bola ke tono.

Kai kuma ɗan'uwa ma'aikaci, kada ka mai da murfin allura bayan an yi aiki da ita, kada ka danna shara da hannu. In ta soke ka, wanke wurin da ruwa da sabulu, ka gaya wa likita nan take, don maganin kariya daga ƙanjamau ba ya wuce awa 72 ba a fara shi ba. Kada tsoron kora ya sa ka ɓoye.

'Yan kasuwa, ku ma da naku. Kada ku sayi kwalba ko jarkar da ta fito daga sharar asibiti ku zuba man gyaɗa ko kunu, komai arharta. Kada ku bar yara su yi wasa da tsohon sirinji.

Duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi ina ake kai sharar asibitin garinku, wa ke ɗaukarta, da me kuma yake ɗauka. In ya kasa amsawa, kun san matsayinsa. Allah ya kare talaka, amin.