Hayaƙin da ba ma sa shi a lissafin haya

Ɗan kasuwa idan zai kama rumfa, tambayarsa ba ta wuce uku: nawa ne haya, akwai ciniki, ɓarayi fa? Ban taɓa jin wanda ya tambayi irin iskar wurin ba, alhali nan zai riƙa yin awa 12 kullum, wani har shekara 20.

'Yan'uwanmu masu albasa a Akra sun san Agbogbloshie. Kafin gwamnatin Gana ta tashi wurin a 2021 ta mayar da su Adjen Kotoku, kasuwarsu na maƙwabtaka da filin da 'yan gwangwan ke ƙona wayoyin lantarki don cire tagulla. Robar jikin wayar idan ta ci wuta tana sakin guba mai suna dayoksin, wadda ke cikin masu jawo ciwon daji. Mai ƙonawa ya shaƙa, mai albasa da ba ruwansa shi ma ya shaƙa.

A 2013 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gurɓatacciyar iska tana haddasa kansar huhu. Hayaƙin dizal kuwa tun 2012 ta yanke masa wannan hukunci. Mafi sharri a ciki shi ne ƙurar da ido ba ya gani, wadda silin gashi ya ninka ta kauri sau 30. Hanci ba ya tare ta, sai ta wuce can ƙasan huhu, wata har cikin jini.

Ga inda abin ya fi ɗaure min kai. Ƙwayoyin halittar jikinmu rabuwa suke yi don su sabunta kansu. A bakin zaren gādon da ke cikin kowace ƙwaya akwai wani abu, telomiya, kamar kalmasar da tela ke yi wa zane kada ya zare. Duk rabuwa sai kalmasar ta ɗan cinye. In ta ƙare, ƙwayar ta tsufa ke nan. Masu bincike sun ga ta fi saurin cinyewa ga mutanen da suka daɗe cikin hayaƙi. Wato mutum yana da shekara 45, huhunsa ya riga shi furfura. Kuma huhun da kullum yake cikin kumburi, nan ne lalatacciyar ƙwayar da ke kwance take samun damar farkawa ta yi ta yaɗuwa, ko da mai shi bai taɓa sa taba a baki ba.

Na san ba kowa ke da halin sauya rumfa ba. Amma janareta dai ana iya fitar da shi daga ƙofar shago. Hajiya, a daina goya jariri zuwa inda ake ƙona taya ko babbakar fata da ita. Ƙyallen rawani ba ya tare ƙurar nan, sai takunkumi mai lamba N95. Tarin da ya haura mako 3 kuwa, ko aka ga jini a majina, ya wuce zuma da citta, a nemi asibiti a ɗauki hoton ƙirji.