WASIƘAR AKAWUN FAGGE: WAƘAR RANAR RAKIYA

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, in yi wa 'yan'uwa masu karatu zancen wani al'amari da ya hana ni barci tun watan jiya. Wanda ya ga kan maganar ya ce ba ta shafe shi ba, ya yi haƙuri ya kai ƙarshe tukuna.

Wani dattijo tela, aminin marigayi ubana, ya rasu a Sabon Gari. Maimakon a hanzarta a kai shi makwancinsa, sai aka ajiye gawarsa a ɗakin sanyi na asibiti har kwana goma sha tara, 'ya'yansa suna ta gardama. Babban ɗan ya zo daga Ikko, ya ce sai an ɗauko 'yan badujala. Ƙanwarsa ta ce a'a, waƙoƙin Turanci za a yi. Tsohuwar matarsa kuwa tana zaune a gefe, ba wanda ya tambaye ta, alhali ta san mijinta bai taɓa yabon Ubangiji da wani harshe ba sai Hausa. Ran jana'iza na dube ta, na ga leɓenta yana motsi, ita kaɗai tana rera waƙar da mijinta ya ke so, ƙahonin badujala sun danne muryarta. Ƙannensa biyu Musulmi, waɗanda suka zo daga Fagge don zumunci, suka wuni a ƙarƙashin rumfa, ba su fahimci ko kalma guda ba. Da aka watse, sai ga bashin kujeru da anko da abinci, har autan gidan ya rasa kuɗin makaranta.

Wanda bai san garin nan ba zai yi mamaki yadda unguwa biyu maƙwabta suka bambanta haka. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, wajen 1913 aka yanka Sabon Gari domin baƙi, akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas. Kowa ya zo da al'adarsa, har da ta biso, watau kwanan zaune da kiɗa da dogon shiri. Mu kuwa Hausawa Masihiyawa muka tsinci kanmu a tsakani. Tun 1932 muna da Littafi Mai Tsarki cikakke da harshenmu, aikin Likita Mila na Zariya da abokan aikinsa, muna kuma da littafin waƙoƙi na Hausa, ga matan zumunta masu rera su da tulu da kacau-kacau. Amma in rasuwa ta zo sai mu ajiye namu mu ari na maƙwabta, da tsadarsa duka. Ba na zargin kowa a kan al'adar kakanninsa. Abin da na ke cewa, kayan aro ba ya rufe katara.

A Fagge kuwa, inda na ke zaune cikin dangin uwata, in mutum ya cika da hantsi, kafin la'asar an yi masa wanka, an sa shi a likkafani, an yi masa salla mai kabbara huɗu, ba ruku'u ba sujada, an ɗauke shi a makara. Ba kiɗa, ba waƙa. Ku dubi Alhaji Mamman Shata, wanda ya yi wa sarakuna da attajirai da direbobi waƙa. Da ya rasu a nan Kano a 1999, aka kai shi Daura aka binne shi kamar kowane Musulmi, da salla da addu'a. Ba wai Musulunci bai san waƙar makoki ba. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara marsiyya ga 'yan'uwanta, har da Sarkin Musulmi Bello da ya rasu a 1837. Amma wannan aikin masu rai ne, bayan an rufe kabari.

To, da na dawo daga wancan biso, sai na tuna in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ko da ya ke ban kai arba'in ba, mutuwa ba ta duba takardar haihuwa. Na ɗauki alƙalami na rubuta waƙoƙi bakwai da na ke so a yi mini. Ba ni na fara ba: Yarima Filib na Ingila shi ya zaɓi waƙoƙin jana'izarsa ta 2021, a jana'izar Sarauniya Alsabatu kuma a 2022 an rera waƙar Zabura ta 23, wadda aka rera ran aurensu a 1947.

Na kai wa kawuna takardar, malami ne mai almajirai a Fagge, shi ya riƙe ni bayan rasuwar ubana, bai kuwa taɓa tsananta mini a kan addini ba. Ya sa tabarau ya karanta, ya yi shiru. Can ya ce, "Ɗana, ranar nan kai za ka rera su?" Na ce, "A'a, Kawu." Ya ce, "To, wa ka zaɓa wa?" Na rasa amsa. Ya juya takardar ya ga bayanta fari, ya ce, "Ina sunayen masu binka bashi? Mu a wurinmu, in an gama sutura, bashi a ke fara biya, sa'an nan wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi, sa'an nan gado. Ka shirya wa kunnen mutane, ba ka shirya wa wuyanka ba."

Wallahi na ji kunya. Ni da na ke wuni ina rubuta bashin wasu a littafin maigidana a Kantin Kwari, ban taɓa rubuta nawa ba. Na koma gida na yage takardar, na sake wata. Da fari na jera basussukana da masu su, da abin da na ke bin mutane. Na biyu, na roƙa kada gawata ta wuce kwana biyu, kada a ɗauko badujala, kada a yi anko, kuɗin a ajiye wa 'ya'yana biyu don karatu. Na uku, na rage waƙoƙin suka zama uku, dukansu da Hausa. Ɗaya wadda uwata ta ke rera mini ina yaro, domin in tana da rai ta sami abin riƙewa. Ɗaya Zabura ta 23, domin matata ta haddace ta. Ta ƙarshe na bar wa matata ta zaɓa, gama ita za ta kwana da kewa, ba ni ba. Na sa da Hausa ne domin in Kawu da 'ya'yansa sun zo, ko a waje suka zauna, su ji abin da a ke faɗa a kaina, su san ba wani abin kunya ba ne. Na sa hannu a gaban shaidu biyu, na ba matata kwafi ɗaya, na ba fastonmu ɗaya, na ba Kawu ɗaya.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta, Musulmi da Masihiyawa: kowa ya sami dare ɗaya ya rubuta tasa. Wanda addininsa ya yarda da waƙa, ya zaɓa da tausayin waɗanda zai bari. Wanda nasa bai yarda ba, ai yana da bashi da amana da marayu. Malamai kuma, in na yi kuskure cikin abin da na faɗa a kan shari'a, ga fili, su gyara mini.

Allah ya sa mu cika da kyau. Haza wassalam.

Naka,
Akawun Fagge, Kano.