Mun Aro Falon Indiya, Mun Bar Tsakar Gidanmu



A labaran da muke rubutawa kwanan nan abu ɗaya ke ta maimaituwa. Za mu ce labari a Yakasai ko Mandawari ya faru, amma da ka shiga gidan sai ka tarar da matattakalar bene a tsakiyar falo, iyaye da 'ya'ya da surukai sun kewaye dogon teburi, amarya na zuba shayi, uwar miji na harararta. Mun san gidan nan. A Zee World da fassarar Algaita muka gan shi, muka cire wa matan sari muka ɗaura musu atamfa.

Kallon ba laifi ba ne. Iyayenmu sun cika sinimomin Kano don Mother India ta 1957, domin sun ga kunya da biyayyar iyaye da zaman gandu irin nasu. Laifinmu shi ne lalaci. Ba'indiye gidansa ya duba ya rubuta. A Mumbai akwai masu ɗaukar abincin rana daga gidaje zuwa ofisoshi, ana ce musu dabbawala, sana'ar da ta faro tun 1890. A kan kwano ɗaya da ya ɓata hanya aka gina fim ɗin The Lunchbox na 2013, duniya ta kalla. Kuma dogon teburin da muke kwafa na talabijin ne. Iyalai da yawa a biranen Indiya yau ɗan ƙaramin gida suke zaune a saman bene, miji da mata duk suna fita aiki, kaka na ƙauye ana gaishe ta a waya.

To mu namu kwanon fa? Yaron da ke ratsa lungu da abincin Baba zuwa rumfarsa a kasuwar Kurmi, wa ya rubuta shi? Ina gaisuwar ɗaki-ɗaki bayan asuba, da ɗumamen tuwo, da layin koko da ƙosai? Ina ranar girki, da yadda kishiya ke gane fushin kishiyarta daga ƙarar ludayi? Ina ciyayyar magidanta a ƙofar gida bayan magariba, inda ake sanin gidan da bai ɗora tukunya ba, a rufa masa asiri ba tare da an ce uffan ba? Ina gardamar wanda zai biya mai ruwa?

Wannan zaman yana ƙarewa a kan idonmu. Maigida ya rasu, a raba gado, a tsaga tsakar gida da bulo, zaure ya koma shago, 'ya'ya su tashi zuwa Rijiyar Zaki ko Hotoro. Idan ba mu rubuta ba, jikokinmu za su buɗe littattafanmu su ɗauka a gidan wani attajirin Delhi aka yi goyonmu.

Za a ce masu karatu gidan masu kuɗi suke so. Mu tuna Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, na 1990: labarin Rabi, wadda miji ya kora da 'ya'yanta, ta riƙe su da sayar da abinci. A 2012 kamfanin Blaft na birnin Chennai ya buga fassararsa ta Turanci. Indiyawan da muke kwaikwaya su suka zo neman gidan Kano, saboda ba su da irinsa. Me za su yi da kwafin nasu?

Aikin wannan makon: kowa ya rubuta shafi ɗaya kan safiya ɗaya a gidan da ya tashi, daga kiran assalatu zuwa fitar yara makaranta. Wanda bai tashi a gidan yawa ba ya je ya zauna da kakarsa ya tambaya. Kada mu ga teburi sai in da gaske akwai shi.

Allah ya yi wa alƙalumanmu albarka.