Kafin a Sauke Giyabos, a Fara Duba Fedar Kuloci

Tun daga 1929 da layin dogo daga Zariya ya iso Ƙauran Namoda ya tsaya, sauran tafiya zuwa Shinkafi da Zurmi da ƙauyukan da ke bayansu ta zama ta jaki da raƙumi, daga baya kuma ta mota. Motocin da suka fi jure wa rairayi da laka a wannan yanki su ne masu jan ƙafa huɗu, irin su Land Rover da aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, da Toyota Land Cruiser ta Japan. Wasu daga cikinsu sun girmi direbobinsu, kuma ciwon tsufansu kusan iri ɗaya ne: giya ta ƙi shiga, ko ta shiga da ƙara kamar ana niƙa tsakuwa.

Da zarar an kai irin wannan mota gareji, hukuncin da aka saba yankewa shi ne faifan kuloci ya ƙare, sai a sauke giyabos. Wannan aiki ne na yini guda ko fiye, ga kuɗin kaya. Amma sau da yawa laifin yana ƙarƙashin ƙafar direba, inda kowa ke ƙyuyar sunkuyawa ya duba.

Fedar kuloci sanda ce irin wadda ɗalibai ke karantawa a darasin kimiyya, wato doguwar sanda mai juyawa a kan ƙusa guda, wadda ke mayar da ƙaramin ƙarfi ya zama babba. Ƙusar tana cikin wani ɗan zobe na tagulla ko roba mai tauri da makanikai ke kira bushin. Kusa da ita akwai wata ƙaramar ƙusa da ke haɗa fedar da sandar da ke tura famfon sama. Famfon yana tura man birki ta cikin bututu zuwa famfon ƙasa, shi kuma ya raba faifan kuloci da injin. Dokar Blaise Pascal, Bafaranshen ƙarni na 17, ita ke aiki a nan: matsin da aka yi wa ruwan da ke kulle yana isa kowane sashe nasa daidai wa daida.

To, ga inda lissafin yake da daɗi. A ce nisan da ke tsakanin ƙusar juyawa da tafin fedar ya ninka nisan da ke tsakaninta da sandar famfo sau 6. Ƙarfin ƙafa zai ninku sau 6, amma haka lalacewa ma za ta ninku. Idan ramin ƙaramar ƙusar ya cinye da milimita 3 kacal, ƙafar direba za ta yi tafiyar milimita 18 a banza kafin famfo ya motsa. A ƙara da girgizar bushin da ya sake, sai fedar ta kai ƙasa alhali faifan bai gama rabuwa ba. Ƙurar hunturu ce ke gaggauta wannan, domin idan ta gauraya da tsohon giris takan zama tamkar dutsen wasa wuƙa.

Dabarar da aka fi yi a tasha ita ce a ƙara tsawon sandar famfo har wasan fedar ya ɓace. Giya za ta shiga, mai mota ya yi murna. Sai dai in an zarce, famfon ba ya komawa wurinsa sosai, ƙaramar kafar da mai ke bi ya koma tulunsa ta toshe, matsi ya zauna a bututu, faifan ya riƙa sulɓewa har ya ƙone. Mafi muni shi ne zuba baƙin mai a maimakon man birki, wanda ke kumbura robobin famfo. Ita kuwa mota idan ta mutu a dajin da ke tsakanin Zurmi da Jibiya, a shekarun nan na 'yan bindiga, maganar ta wuce ta asarar kuɗi.

Gyaran ƙwarai ba shi da tsada. A kama fedar da hannu a girgiza ta gefe da gefe, a auna wasanta da ma'auni, a kwatanta da abin da littafin motar ya tanada. In ta yi yawa, a kwance ta, a wanke da kananzir, a sauya bushin da ƙusa. Ramin da ya zama kamar ƙwai a cike shi da walda a sake huda shi. Bushin da babu shi a kasuwa, mai injin sassaƙa ƙarfe zai fitar da shi daga guntun tagulla. A duba sifirin mai mayar da fedar, a sa sabon giris.

Abin da ya yi ƙaranci a garejinmu shi ne al'adar aunawa, kuma wannan hakki ne na makaranta. Bakanike ya koya da ido da kunne a wurin maigidansa, ɗalibi kuwa ya haddace dokar Pascal bai taɓa ganin famfon kuloci ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, tana da hurumin shirya wa yaran gareji gajeren horo cikin Hausa. Malamin sakandare kuwa ba ya buƙatar jiran kowa: tsohuwar feda daga 'yan gwangwan da ma'aunin santimita 30 sun isa ɗalibai su fitar da wancan lissafi na milimita 18 da hannunsu.