Ɗalibanmu Ba 'Yan Cika Fili Ba Ne

'Yan uwa 'yan tafiya, yau maganar cikin gida zan yi, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Duk lokacin da taro ya taso, ɗalibai muke fara nema. A turo bas ƙofar jami'a, a raba huluna da riguna, a cika fili, a ɗauki hoto a watsa a Facebook. Washegari kowa ya kama gabansa. To wai a cikinmu wa ya taɓa tambayar yaran nan wa ke wakiltarsu a makaranta, kuma wa ya koya masa aikin?

Mu ɗan waiwaya baya. A watan Afrilun 1978, gwamnatin soja ta Obasanjo ta ƙara kobo 50 a kuɗin abincin ɗalibi na yini. Kobo 50 fa! Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta ce ba ta yarda ba, aka fito tun daga Legas har Zariya ana neman a sauke kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali, wanda daga baya ya zama shugaban PDP. An rasa rayuka, gwamnati ta haramta ƙungiyar. Amma zuwa 1980 ɗalibai sun sake haɗuwa sun kafa NANS. Me ya sa haramcin bai kashe su ba? Saboda abin ba a hannun mutum ɗaya yake ba. Na Samaru ya san na Ibadan, na Ibadan ya san na Nsukka, wanda zai fita ya riga ya horar da wanda zai gaje shi. Babu waya, babu WhatsApp, sai wasiƙa da motar haya, amma saƙo yana isa. Ko a 1986 da 'yan sanda suka buɗe wa ɗalibai wuta a ABU, makarantun Kudu sun tashi saboda 'yan uwansu na Zariya.

Yau fa? Kowa na da waya, guruf-guruf ba iyaka, amma shugaban SUG na wata jami'a bai san takwaransa na kwalejin da ke bayan katangarsu ba, sai in sun haɗu a falon wani ɗan siyasa suna jiran ambulan. Kalmar “Kwamared” ta koma abin tsokana. Yajin aikin ASUU na 2022 ya kwashe wata takwas cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba, yara na zaune a gida, kuma muryar ɗalibai ba ta fito da ƙarfi ba sai can da tura ta kai bango aka fara tare hanyoyi.

Gaskiyar magana, mu 'yan siyasa muna da hannu dumu-dumu a wannan lalacewar, har da ɓangarenmu. Idan zaɓen ƙungiyar ɗalibai ya zo, sai wani babba ya zaɓi yaronsa, ya buga masa fosta, ya ba shi kuɗin kamfe. Yaro ya ci, amma ba ɗalibai yake kallo ba, maigida yake kallo. Ranar da aka ƙara kuɗin rajista ko ruwa ya ɗauke a ɗakunan kwana, ba zai iya buɗe baki ba sai ya ji ta bakin wanda ya saya masa kujera. Hukumar makaranta kuwa abin nema ya samu: da an ɗan yi hayaniya sai ta rushe ƙungiyar, ta naɗa kwamitin riƙo na 'yan amshin shata.

Wani zai ce ai in ba mu kama su ba, 'yan adawa za su kama. Na ji. Amma wanda ka saya da dubu hamsin, gobe wani zai saye shi da dubu sittin, kuma mun sha gani.

Abin da nake ganin ya fi mana shi ne mu taimaka su riƙe junansu. Muna da tsofaffin shugabannin ɗalibai birjik a tafiyar nan, wasu lauyoyi ne yanzu, wasu malamai, wasu akantoci. Su riƙa zama da sababbi, ko da sau ɗaya ne a zango, ba don a yi musu huɗubar jam'iyya ba. A koya wa wakilin aji yadda ake rubuta koke ya bi matakai har ya kai ofishin shugaban kula da harkokin ɗalibai. A koya wa ma'ajin ƙungiya yadda ake ajiye rasit da bayyana kuɗin da aka tara. A zauna a karanta littafin dokokin makaranta tare, don yaro da yawa an kore shi ne kawai saboda bai san yana da damar ɗaukaka ƙara ba. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, ɗalibai nawa ne a ƙauyukanmu suka kasa cike fom don ba wanda ya nuna musu? Wannan aikin ƙungiyoyin ɗaliban jiha da na ƙananan hukumomi ne, irin su NAKSS a Kano, in da an bar su sun yi aikinsu maimakon yawon karrama manya da lambar yabo.

Sannan 'yan mata. Kullum kujerar mataimakiya ake ajiye musu kamar gado. Ɗalibar da ta ga wata ta riga ta tsaya takara, kuma tana da lambar wayarta, ta fi samun ƙarfin gwiwar fitowa.

Tun 2018 doka ta rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. Ma'ana wanda ke aji uku yau, zaɓe ɗaya ko biyu ne tsakaninsa da neman tikitinmu. Shi ya sa nake kira ga shugabannin matasanmu na mazaɓu: kafin taro na gaba, kowa ya kawo sunayen tsofaffin shugabannin ɗalibai na yankinsa da ke shirye su ba da lokacinsu kyauta. Kuɗin bas ɗaya na taro ya isa a kama ɗaki, a sayi ruwan leda, a yi zaman farko.